Abin da Na Karɓa a Hannun Malamina

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, malamin firamare wanda ya karanci shari'a, ya gabatar a taron haɗin gwiwa na rassan Bodinga da Shagari, ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya. Mun buga shi kamar yadda ya karanta shi, domin waɗanda ba su sami halarta ba.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, an nemi in yi magana a kan martabar malami. Na daɗe ina juya wannan batu a zuciyata, sai na ga cewa in na tsaya ina yabon malanta a dunƙule, babu abin da zan faɗa wanda ba ku riga kuka ji ba a irin wannan rana. Saboda haka na zaɓi in biya wani bashi da ke wuyana a gabanku, ku zama shaidu. Bashin kuwa na godiya ne ga wani farfesan shari'a wanda ya riƙe hannuna a lokacin da na yi niyyar juyawa gida. A bana ya cika shekara 70, wadda ita ce iyakar da dokar 2012 ta yanke wa farfesoshi a jami'o'in ƙasar nan, ya ajiye aiki. Na gayyace shi wannan taro ya ba da uzuri, sa'an nan ya kafa mini sharaɗi ɗaya: kada in ambaci sunansa. Zan cika masa wannan sharaɗi, ko da yake ya yi mini nauyi, kuma za ku ga dalilin nauyin nan gaba kaɗan.

Kafin in zo kansa, ina so mu waiwayi ƙasar da muke zaune a kanta, domin yadda ake gode wa malami darasi ne da aka riga aka rubuta shi a nan, ba sai mun je nema nesa ba.

Kowa ya san cewa bayan ƙurar jihadi ta lafa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa yana karantarwa, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A waɗannan shekaru ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a nan Bodinga, tafiyar da ba ta gajiyar da mai ƙafa. Malam Abdullahi kuwa shi ne masanin shari'a na wannan jama'a. Tun kafin nan, lokacin da ransa ya ɓaci da yadda ya ga wasu sun karkata ga neman duniya, ya kama hanyar gabas da niyyar aikin hajji, mutanen Kano suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su gudanar da hukunci. A can ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsiri, daga bisani ya komo gida. Wannan shi ne mutumin da alƙalai da sarakuna ke komawa ga littattafansa.

To, a 1812, shekarar da Shehu ya danƙa masa kula da yammacin daula, wannan babban malami ya zauna ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Ida'un Nusukhi. Babu hukunci a cikinsa, babu labarin yaƙi. Jerin malamansa ne, da abin da ya karɓa a hannun kowane ɗaya daga cikinsu. Ya fara da mahaifinsa, wanda ya karantar da shi Alƙur'ani, ya kuma miƙa shi ga yayansa Usmanu yana ɗan shekara 13. Ya lissafa abin da ya karanta a gaban Shehu: Ishiriniya, da Ajurumiyya a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, da tauhidi, da tafsiri. Ya ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya karantar da shi usulul fiƙihu, wato tushen da hukunci ke tsirowa daga gare shi. Ya ambaci Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda ya saurari Buhari a wurinsa. A ƙarshe ya nuna cewa waɗanda ya amfana da su sun fi ƙarfin ƙirge, har da baƙi masu wucewa da ɗalibai 'yan'uwansa, ya yi musu addu'a baki ɗaya.

Ku dubi wannan aiki da kyau, 'yan'uwa. Mutum ne da mulkin rabin daula ke hannunsa, amma ya ga ya wajaba ya tsaya ya ce: wannan a wurin wane na samu, wancan a wurin wane. Bai wadatu da cewa Allah ya saka wa malamaina ba. Ya faɗi suna, ya faɗi littafi. Abin da na fahimta daga nan shi ne, godiyar da ta cika ita ce wadda ta san abin da aka ba ta, ta iya lissafa shi. Kun ga dalilin da ya sa sharaɗin Farfesa ya yi mini nauyi ke nan. An hana ni rabin sunnar Malam Abdullahi, wato faɗin suna. Rabin da ya rage, wato lissafa abin da na karɓa, shi zan yi yanzu.

Da yawa daga cikinku kun san yadda aka yi na shiga karatun shari'a. Na fito Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da takardar NCE, aka tura ni wata makarantar ƙauye a ƙasar Shagari. Muna nan sai Allah ya yi wa wani abokin aikinmu rasuwa, ya bar mata da yara biyar. Da yake ni ne wakilin ƙungiya a makarantar, ni na ɗauki fayil ɗinsa ina yawo daga wannan ofis zuwa wancan domin a biya iyalinsa haƙƙinsu. A nan a ce babu takardar tabbatar da shi a aiki, a can a ce ranar haihuwarsa ta saɓa a wurare biyu, a gaba a ce ka dawo wata mai zuwa. Ba ni da amsar da zan ba kowa, domin ban san abin da doka ta ce ba, ban ma san wace doka zan tambaya ba. Wata rana matar marigayin ta tare ni a ƙofar makaranta, ta ce, “Malam, in abin ba zai yiwu ba ka gaya mini, in daina sa rai.” Na rasa ta cewa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan rana na ga duhun da idona. Daga nan na nemi hutun ƙaro ilimi, na shiga Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ake haɗa wa ɗalibi dokokin ƙasa da shari'ar Musulunci.

Na shiga aji na tarar da yaran da na girme su da shekara goma sha, wasunsu sa'o'in waɗanda na koya wa baƙi da wasali. Turancinsu kamar ruwa, nawa kuwa na alli da allo ne. Kullum sai in fito da asuba, in hau mota zuwa cikin Sakkwato, in kama kabu-kabu zuwa Dundaye, in isa lacca da ƙura a gira. Albashi ya zo yau, gobe ya makara. Jarrabawar farko da na yi a darasin Farfesa na faɗi, faɗuwa ba ta wasa ba. Na rubuta takardar janyewa, na sa a aljihu, na tafi ofishinsa domin in yi masa sallama, tun da shi ne aka ɗora wa kula da ajinmu.

Ya karanta takardar, ya ninke ta, ya ajiye a gefe. Sai ya ce, “Malam, wane aji kake koyarwa?” Ku lura, Malam ya kira ni, kuma har yau bai taɓa kirana da wani suna ba. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, aji uku.” Ya jawo Kundin Tsarin Mulki na 1999, ya buɗe sashe na 36, ya ce in karanta. Na karanta da ƙyar. Ya ce, “To, rufe littafin. Ni ɗan aji uku ne. Gaya mini da Hausa.” Na yi shiru, can na ce, “Kada a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa, kuma wanda zai yi hukuncin kada ya zama yana da ɓangare.” Ya ce, “Ka ga abin da na yi mako biyu ina nema a takardun yaran nan ban samu ba. Kai ka iya abin da ya fi wuya, wato mayar da magana mai nauyi ta zama yaro zai ɗauka. Abin da ya rage maka Turanci ne, shi kuwa gemu ba ya hana shi.” Ya mayar mini da takardar janyewata, ya ce in riƙe ta zuwa ƙarshen zango, in har lokacin ina kan bakana zai sa mini hannu da kansa. Tana nan a cikin akwatina har yau, ba hannun kowa a kanta.

Wannan shi ne abu na farko da na karɓa a wurinsa: ya nuna mini cewa aikin da nake jin kunyar ambata a cikin 'yan jami'a shi ne jarina. Mu malaman firamare mun saba da a raina mu, har mun koyi raina kanmu. Alhali garin Shagari kansa ya isa ya tuna mana. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, malamin makaranta ne. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, kafin ya shiga majalisar wakilai a 1954, ya kuma shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983. Da alli ya fara, kamar kowane ɗayanmu.

Abu na biyu, ya koya mini komawa ga nassi. Duk lokacin da ɗalibi ya ce doka ta ce kaza, sai ya tambaye shi: wace doka, wane sashe, karanto mini. Zan ba ku misali da ya shafe mu. Sau nawa muka ji ana cewa tsarin mulki ya wajabta ilimi kyauta? Da ya sa muka buɗe, sai muka ga sashe na 18 yana cikin Babi na Biyu, babin manufofin da gwamnati za ta dosa, kuma sashe na 6 ya taƙaita ikon kotu a kan wannan babi. Inda wajibcin ya fito ƙarara shi ne Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ɗora wa kowace gwamnati samar da ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta kuma dole, ta kuma ɗora wa iyaye kai 'ya'yansu. Wanda ya je neman haƙƙi da sashen da bai dace ba, ya ba abokin jayayyarsa ƙofar fita. Haka ya nuna mana sashe na 40, wanda a kansa 'yancinmu na shiga ƙungiya ya tsaya, da gyaran da aka yi wa kundin a 2010, wanda ya sa rigingimun aiki a hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ƙungiyarmu tun 1931 take, amma 'yan ƙungiya nawa ne a cikinmu suka taɓa karanta waɗannan layuka da idonsu?

Abu na uku, hujja. A darasin shari'ar Musulunci mun karanta a Risala da Tuhufa cewa mai da'awa shi ke da nauyin kawo shaida. Da muka shiga Dokar Shaida ta 2011, sai muka tarar da ƙa'idar tana nan daram. Farfesa yakan ce mai gaskiya marar takarda ya fi kowa wahala a ofis. A nan ne na gane abin da ya kayar da iyalin abokin aikinmu. Gaskiya tasu ce, amma takardun da za su tsaya mata sun warwatse, wasu gara ta ci, wasu ba a taɓa karɓo su ba. Saboda haka ina roƙon kowane malami da ke wurin nan, da matan malamai da mazajen malamai da suka zo: ku koma gida ku haɗa takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da na ƙarin girma, da shaidar haihuwa, da rajistar hukumar malamai, da takardar da aka rubuta sunan magaji. Ku yi musu kwafi, ku ajiye a wuri biyu, ku nuna wa iyalinku inda suke. Ba fatan mutuwa ba ne. Tanadin mai hankali ne.

Abu na huɗu ya bi ni har cikin aji. Tun ranar da na fassara masa sashe na 36, ban sake iya ɗaga bulala a kan yaro ba sai na tambaye shi me ya faru. Da na fara tambaya, sai na ji abin da shekaru suka ɓoye mini. Wannan ya makara ne domin shi ke ɗebo ruwan gidansu. Waccan ba ta yi aikin gida ba domin ta kwana tana jinyar kakarta. Wasu kuma, ba shakka, ƙiriniya ce kawai, amma ko su sun fi karɓar horo idan sun san an saurare su. Mu da muke ƙorafi idan aka ba mu takardar tuhuma ba tare da an ji ta bakinmu ba, bai kamata mu zama masu yin haka ga waɗanda ke ƙarƙashinmu ba. Aji ma kotu ce, kuma a nan yaro ke fara sanin ko akwai adalci a duniya.

Abu na biyar shi ne wanda na fi jin daɗin faɗa. A shekarar ƙarshe shi ya duba kundin bincikena, wanda na yi a kan yadda ake raba haƙƙin ma'aikacin da ya rasu, tsakanin abin da takardar ofis ta rubuta da abin da hukuncin gado ya tanada. A wata mas'ala na saɓa wa ra'ayin da ya koyar da mu a aji. Na kwana uku ina tunanin in goge shafukan. Daga ƙarshe na kai masa, gabana na faɗuwa. Ya karanta, ya ce, “Malam, ban yarda da kai ba, amma ka kawo hujjarka daidai. Bar shi yadda yake.” Ya zauna ya gyara mini inda hujjar tawa ta yi rauni, domin ta fi ƙarfin tsayawa a gaban tasa. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu ya saɓa wa Malam Jibrilu a kan hukuncin mai aikata manyan zunubai, ya rubuta saɓanin, bai kuwa rage masa girma ba ko ƙwayar zarra. Malam Abdullahi ya saɓa wa Shehu a wasu mas'aloli na mulki, ga shi kuma shi ne ya ba shi kaso mafi tsoka a littafin malamansa. Malamin da ke son ɗalibinsa ya zama inuwarsa kawai bai gama aikinsa ba.

Da na gama, na je Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda, aka rantsar da ni. Abokai suka ce in bar alli in buɗe ofis a birni. Na je wurinsa neman shawara, sai ya ƙi zaɓa mini. Tambaya ɗaya ya yi: “Waccan baiwar Allah, an biya ta?” Na ce ba a biya ba tukuna. Bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban sake tambaya ba. Na dawo, na sake buɗe fayil ɗin, wannan karo na san abin da zan nema da inda zan neme shi, kuma cikin ikon Allah aka biya.

Sai dai ba zan ɓoye muku ba, kuɗin sun zo a makare. Kafin su iso, babbar 'yar marigayin, yarinya mai ƙoƙari wadda ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, ta bar makaranta domin ta taimaki mahaifiyarta da talla, ba ta kuwa koma ba. Ƙannenta sun ci gaba, amma ita ta riga ta wuce. Duk lokacin da wani ya kira ni lauya, ita nake tunawa. Da a ce tun farko akwai mutum ɗaya a reshenmu wanda ya san abin da na sani yanzu, da labarinta ya sha bamban. Wannan shi ya sa nake ganin godiyata ga Farfesa ba za ta cika da jawabi ba. Abin da aka ba ka a hannu, sai ka miƙa shi gaba sa'an nan ka sauke nauyi.

Don haka ina gabatar wa shugabanninmu buƙatu guda biyu. Ta farko, a ware rana ɗaya a kowane zango, sau ɗaya a Bodinga sau ɗaya a Shagari, mu zauna mu karanta dokokin da suka shafi aikinmu da Hausa, sashe bayan sashe, mu duba fayilolin juna tun muna da rai da lafiya. Ni na ɗauki alƙawarin zuwa, ba da ko sisi ba. Ta biyu, a ba mu shafi ɗaya a wannan mujalla tamu, kowane fitowa wani malami ya rubuta sunayen waɗanda suka karantar da shi, tun daga makarantar allo, da abin da ya karɓa a hannun kowannensu, kamar yadda Malam Abdullahi ya yi a wannan ƙasa fiye da shekara 200 da suka wuce. Wanda malaminsa ke raye, ya kai masa mujallar har gida. Yaba kyauta tukuici, kuma da yawa daga cikin iyayen nan namu da ke zaune a gaba sun yi shekara 35 a aji ba su taɓa jin ɗalibi ya dawo ya ce musu ga abin da na samu a wurinka ba.

Zuwa gare ka, Allah ya gafarta Malam, na san wani zai kai maka wannan takarda. Na cika sharaɗinka, ban faɗi sunanka ba. Amma na lissafa abin da ka ba ni a gaban shaidu: ka riƙe ni ranar da na saki, ka koya mini nassi, da hujja, da sauraro, ka kuma bar ni in saɓa maka. Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya sa hutunka ya zama mai albarka, ya ba zuriyarka masu riƙe hannunsu kamar yadda ka riƙe nawa.

Allah ya jiƙan Shehu da Malam Abdullahi da malamansu. Allah ya jiƙan abokan aikinmu da suka riga mu, ya dubi marayunsu. Allah ya ba iyayenmu masu ritaya lafiya, ya sa haƙƙinsu ya iske su da ransu. Mu kuma Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da aka danƙa mana.